Abin da Na Gani a Ɗakin Ibadar 'Yan Sik a Delhi, da Yunwar Masu Jinya a Bagudo



Makon jiya, cikin maganar abincin mai ciwon ƙoda, na ambata a gurguje cewa na taɓa cin abinci a ɗakin ibadar 'yan Sik a Indiya. Ashe na taɓo gidan rina. Wata 'yar'uwa ta rubuto tana tambaya me ya kai Musulma can. Wani ya ce ai masu bautar gumaka ne. Wata kuma cewa ta yi ita dai in ba ta labarin yadda wurin yake, don a fim kaɗai take ganin masu rawanin nan. To bari in ba ku labarin daki-daki, domin abin da na gani can ya biyo ni har wurin aikina a Bagudo.

Cikin sanyin bara na raka gwaggona Delhi, inda aka yi mata dashen ƙoda. Ɗanta ne ya ba ta tasa, ni kuma dangi suka ce tunda nas ce, jinyar su biyun ta hau kaina. Wata safiya na fita neman magani a kusa da wani babban asibitin gwamnati, sai na ga layin mutane sun tsuguna a gefen titi, kowa da faranti, wasu maza masu rawani da gemu suna ɗibo abinci daga bayan mota suna zuba musu. Na tambayi mai adaidaita sahun da ya ɗauko ni ko biki ake yi. Ya ce a'a, masu jinya ne da suka kawo marasa lafiya daga ƙauyuka, a bakin titin suke kwana, 'yan Sik kuma suna kawo musu abinci kullum. Na tsaya kallo har sai da ya danna mini hon. Fuskokin nan na san su. Ita ce fuskar matar da ta kwana uku a zaune gefen gadon ɗanta, ta kashe kuɗin guzurinta a ƙarin ruwa, ana tambayarta ko ta ci abinci tana cewa alhamdu lillahi.

Wata nas 'yar Sik a ɗakin da aka kwantar da mu ita ta ce in ina son ganin inda irin wannan abinci yake fitowa, in je Bangla Sahib. Da na gaya wa Gwaggo, sai da ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ki dai riƙe imaninki, kuma ki dawo kafin la'asar."

Wurin yana tsakiyar birnin, ba nisa da kasuwar Connaught Place. Daga nesa ake hango ƙubbarsa mai ruwan zinari da wata doguwar sandar tuta da aka naɗe da yadi ruwan goro. Su suna kiran ɗakin ibadarsu gurdwara. Kafin shiga akwai ɗakin ajiye takalma, inda na miƙa silifas ɗina mai ƙura ga wani dattijo da agogon hannunsa kaɗai ya fi albashina na wata, ya karɓa da hannu biyu ya ba ni lamba. Ana taka wani ɗan ruwa a wanke ƙafa. Mace da namiji duk sai sun rufe kai, ni dai hijabina ya ishe ni. Ba a shiga da taba ko giya. Farfajiyar marmara ce, kuma a sanyin Janairu na Delhi tafin ƙafata ya gaya mini.

Tarihin wurin shi ya fara kama ni, a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Asali gidan wani basarake ne, Raja Jai Singh. A 1664 jagoran Sik na takwas, Guru Har Krishan, ya sauka a gidan bayan Sarki Aurangzeb ya kira shi Delhi. Yaro ne da bai cika shekara takwas ba. Annobar agana da ta amai da gudawa suna cin birnin a lokacin, kuma mabiyansa sun ruwaito cewa ya riƙa hidima ga masu ciwo yana ba su ruwa daga rijiyar gidan, har shi ma ya kamu da agana ya rasu a shekarar. A 1783 wani kwamandan Sik mai suna Baghel Singh ya gina wurin ibada a nan. Har yau akwai babban tafki a harabar, kuma mabiya suna ɗibar ruwan wurin suna tafiya da shi gida da imanin yana warkarwa. Ni ban sha ba, don aƙida da kuma don na yi jinyar masu amai da gudawa a damina fiye da yadda zan so. Amma a harabar akwai wurin duba marasa lafiya na sosai, kuma a 2021 sun buɗe sashen ɗaukar hoton ciki na MRI da talaka yake biyan rufi 50 kacal a lokacin.

Ga mai cewa gumaka: ban ga ko ɗaya ba. 'Yan Sik sun ce Ubangiji ɗaya ne, kuma addininsu daban yake da na Hindu. Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Panjab, shi ya kafa shi, kuma abokin tafiyarsa na shekaru, Mardana, daga gidan Musulmi ya fito. A ƙidayar Indiya ta 2011 ba su kai kashi 2 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Abin da ke tsakiyar zauren littafinsu ne mai tsarki, a kan wata karaga ƙarƙashin rumfa, wani yana yi masa fifita, wasu uku a gefe suna rera baituka da ƙananan ganguna da akwatin kiɗa. Mabiya suna zuwa su durƙusa su sa goshi a ƙasa gaban littafin. Ni ban yi ba, goshina na Allah ne shi kaɗai. Na tsaya daga baya na 'yan mintoci na fito. A bakin ƙofa ana raba wata alewa ta alkama da man shanu da sukari wadda aka yi wa addu'arsu, na sa hannu a ƙirji na ce na gode, mai rabon ya yi murmushi ya juya ga na bayana. Hukuncin shiga irin wannan wuri na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, abin da na yi da wanda na bari kawai nake faɗa.

Inda na daɗe shi ne zauren cin abinci, wanda suke kira langar. Ana buɗe ƙofa, ɗaruruwan mutane su shiga su zauna a ƙasa kan dogayen tabarmi, sahu-sahu. A damana wata mata ce da zobban gwal, a haguna wani tsoho da na tabbata a titi ya kwana. Faranti iri ɗaya aka ba mu. Masu rabo suna bin layi da bokitai: miyar wasu ƙananan wake da suke kira dal, shinkafa, ganye, da gurasa wadda ake karɓa da tafin hannu biyu. Ba a dafa nama ko kaɗan, don kada wani ya tsaya tunanin wa ya yanka, ni ma abin da ya kwantar mini da hankali ke nan. Ba wanda ya tambaye ni sunana, ko ƙasata, ko addinina. Ba wanda ya yi mini wa'azi. Ba wanda ya ɗauke ni hoto ina riƙe da faranti. Muna tashi aka goge ƙasa, wani ayarin ya shigo. Haka ake yi kowace rana, dubban mutane, kuma a babban gurdwara na Amritsar lissafin dubun dubata ne.

Na leƙa madafa. Tukwanen sun isa mutum ya shiga ya zauna. Amma abin da ya fi tukwanen shi ne masu aikin: 'yan makaranta suna fere dankali, tsofaffin mata suna murza gurasa, maza suna wanke-wanke a jere, faranti yana bin ruwa kashi-kashi kafin a kife shi. Akasarinsu 'yan sa kai ne, wani awa ɗaya yake bayarwa ya wuce ofis. Kuɗin kuma daga abin da mabiya suke cirewa ne, an koyar da su ba da kashi ɗaya cikin goma na samunsu. Na zauna na murza gurasa shida, duk suka fito kamar taswirar Jihar Kebbi, matar da ke kusa da ni ta gyara su tana dariya.

Yanzu ku dawo da ni gida. Wanda ya san Bagudo ya san marasa lafiyarmu ba daga cikin gari kaɗai suke zuwa ba. Ana kawo su daga Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, wasu a kwalekwale, wasu a bayan babur. Ana kawo su kuma daga hayin iyaka, ɓangaren Segbana a Jamhuriyar Benin, da takardar magani da Faransanci da 'yan sefa a ƙulle a bakin zane. Dandawa ne da Fulani da Zabarmawa da Kyangawa, dangin juna ne, aure da kasuwa sun haɗa su tun kafin a ja layin. Marar lafiya shi muke kula da shi. Mai jinya kuwa, wadda ita ce ke wanki da ɗebo ruwa da fifita da tashin dare, ba ta cikin lissafin kowa. 'Yar gari ana kawo mata tuwo daga gida. Baƙuwa ba ta da mai kawowa. Kuma yunwarta tana komawa kan marar lafiya: mai shayarwa nononta ya ragu, ko kuma kuɗin abinci ya ƙare a kwana na huɗu, miji ya zo ya ce a sallame su, a tafi da yaro bai gama allurai ba. Na sha roƙon irin waɗannan su ƙara kwana biyu, su ce, "Nas, me za mu ci?"

Ba rowa ce ta hana mu ba. A azumi abinci har ya yi yawa a ƙofar asibiti, ranar Juma'a ana rabon ƙosai da waina, mai suna ko sadakar uku yakan aiko da kula. Sadakarmu tana da lokaci, ciwo kuwa ba shi da shi. Ranar Talata ta tsakiyar Safar ita ce matsalar.

Abin da ya ƙara sosa mini rai da na bincika, al'adar ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Kalmar langar ta Farisanci ce, kuma zawiyoyin Sufaye a Indiya suna ciyarwa da wannan suna tun kafin a haifi Guru Nanak. A birnin Ƙudus akwai gidan ciyarwa da Hurrem, matar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, ta kafa a 1552 da waƙafi, yana ciyar da ɗaruruwa sau biyu a rana, kuma har yau ana dafa abinci a cikinsa. Waƙafi muka sani a littafi. Su 'yan Sik sun riƙe tsarin da jadawali da masu wanke-wanke.

Da na dawo, mu biyar a wurin aiki muka fara tukunyar kunu da ƙosai duk safiyar Talata, don masu jinya. Kowa tana kawo mudun gero a wata, wani mai shago ya ɗauki sukari. Gardamar farko da muka yi, wata abokiyar aikina ta ce tunda ba ya isa, a fara ba 'yan ƙasa, 'yan Faranshi su jira abin da ya rage. Ban ga laifinta ba, ranar da kunu ya ƙare saura mutum goma a layi ita ce ta tsaya ta ba su haƙuri. Amma na ƙi. Muka tsaya a kan cewa wanda ya riga zuwa shi za a zuba wa, ba tambaya, kuma ba waya a hannun mai rabo. Har yanzu wani lokaci yana ƙarewa.

Gero bai taɓa yanke mana ba. Inda muke faɗuwa shi ne hannu: mai jiƙa gero daren Litinin, mai kai niƙa, mai tashi da asuba ta dama, mai wanke kofuna da ruwan zafi da sabulu, wanda a damina ba abin wasa ba ne. Sau biyu Talata ta wuce ba kunu saboda dukkanmu muna aikin dare. Masu cewa za su turo kuɗi suna da yawa, mun gode, amma mai ba da awa biyu muke nema. Idan a garinku akwai waɗanda suka daɗe suna irin wannan a ƙofar asibiti, ku rubuto mini a ƙasa yadda suke raba aikin, musamman yadda suke yi da wanke-wanke.

Gwaggo tana gaishe ku, ƙodar tana aiki. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan gishiri da hawan jini.