Cika Ciki Dabam, Gina Jiki Dabam

A shekarar 2011, sa'ad da aka yi ƙidaya a ƙasar Indiya, an sami mutum wajen miliyan 104 waɗanda suka kai shekara 60 ko suka wuce. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta ce kafin 2050 za su kai miliyan 347. Wannan abin farin ciki ne, amma tsawon rai yakan zo da nasa nauyi.

Akwai wata cuta wadda ke bin tsofaffi a ɓoye, watau zubewar tsoka. Wani likita na Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa mata suna sakofeniya a 1989. Daga shekara 30 tsokar mutum takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Sai ka ga dattijo ya kasa ɗaga tulu, tashi daga tabarma sai da dafa bango. Ran da ya faɗi ya karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan.

Tsakanin 2017 da 2018 Gwamnatin Indiya ta sa aka bincika mutum fiye da 72,000, har aka gwada ƙarfin damƙar hannunsu. An tarar wajen ɗaya cikin huɗu na tsofaffin ramammu ne. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: talauci, da zaman banza, da taba, da faɗuwar haƙora, da ciwon sukari wanda a 2023 aka ƙiyasta ya kama mutum miliyan 101 a ƙasar. Babbansu kuwa shi ne abinci. Talakan Indiya shinkafa da alkama su ke ci safe da dare, da yawa kuma ba su cin nama saboda addini ko rashi.

To, ga inda maganarmu ta ke. Dokar 2013 ta tanadi hatsi ga mutum wajen miliyan 800, galibinsu kilo 5 a wata. Lalle an yi abin kirki, an kori yunwa daga gidaje da yawa. Amma hatsi ciki ya ke cikawa, bai isa ya tsare tsoka ba. Ga shi kuwa duk duniya ba ƙasar da ta kai Indiya yawan madara da wake iri iri. Jihar Tamil Nadu tana sayar wa talakawa wake da rahusa tare da shinkafar. A ganinmu ya kamata sauran jihohi su bi sawu, a fara da tsofaffi.

Gano cutar ma ba ya bukatar kuɗi. Likitocin Asiya sun daidaita a 2019 cewa wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 kafin ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar, a duba shi. Maganinta kuma motsa jiki ne da abinci mai gina jiki.

Malamai da akawuna masu yini bisa kujera, wannan magana ta shafe ku. Ku gwada kanku, ku kuma duba akushin iyayenku ko da wake da nono a ciki. Kada a hana tsoho ɗan aikin da ya ke iyawa da sunan ladabi, gama hutun nan shi ke cinye ƙarfinsa. Allah Ya ba mu tsufa mai amfani.