Kafin Ka Miƙa Wa Ƙanenka Makullin Mota

'Yan'uwana mazauna Kurmi, na Sabon Badun da Agege da Shagamu da Anaca da Fatakwal, ina yi muku sallama daga Wuro Hausa, cikin garin Yola. Maganar da ke tafe da ni yau ta shafi aljihunku, ta kuma shafi rayukan ƙannenku da 'ya'yanku, waɗanda kuke aiko wa kuɗin mota don su zo su same ku.

Ga yadda abin yake gudana a nan gida. Yaro ya gama makaranta babu aikin yi, sai wansa da ke Ikko ya aiko ya ce maza ya koyi mota, akwai wani Alhaji mai neman direba. Yaro ya sami tsohuwar mota ya yi ta kewaya fili da ita, sa'an nan ya hau kwalta daga Yola zuwa Jimeta, ya zaga kasuwa, ya taɓa tashar Jambutu ya komo. Bayan 'yan makonni lasin ya fito, gida ya cika da murna, tsohuwa ta sa albarka, aka sa shi a mota sai kudu. Bai yi mako da sauka ba an danƙa masa bas cike da mutane, an ce ya hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, ko ya kama babbar hanyar Ikko zuwa Badun a tsakanin tireloli da tankokin mai.

Ba na cewa hukuma ta yi barci. Tun shekarar 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idarta a yau ita ce mai neman sabon lasin ya shiga makarantar tuƙi wadda ta amince da ita, ya yi awa 26 yana koyo, kana a jarraba shi. Madalla da wannan. To, amma ku lissafa da kanku, awa 26 kwana ɗaya ne da awa biyu. A cikinsu za a koya wa yaro tashi da tsayawa da komawa baya da alamomin hanya. Wannan kuwa ga wanda ya bi ta ƙofa ke nan, ban ma taɓo maganar masu bi ta taga ba.

Dattawanmu da suka ja manyan motoci tun kafin ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, ba haka suka koya ba. Mutum yakan yi shekaru yana yaron mota. Shi ke wanke ta, shi ke duba mai da ruwa, shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in an tsaya a hawa, shi ke ɗaure tamfol in hadari ya taso. Duk wannan lokaci idonsa yana kan ƙafar maigidansa, kunnensa yana kan kukan injin. Akwai zagi a ciki, har da mari, ba kuwa ina marmarin a komo da su ba ne. Sai dai ranar da aka ba shi sitiyari, ya riga ya ga damina da rani sau da yawa a kan hanya, ya san kowace kwana da kowane gangare.

Wannan ilmi shi ne ya kuɓuce wa yaran yau. Sabon direba bai san cewa in yana gudun kilomita 100 a awa, cikin daƙiƙa ɗaya tak motarsa ta shafe kusan mita 28 ba, wato kafin ƙafarsa ta bar totur ta kai birki an riga an ci wannan tazara ko fiye. Bai san cewa in ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da birki zai ja kafin mota ta tsaya ninkawa take sau huɗu ba. Bai san cewa a dogon gangare, irin na Ugwu Onyeama da ke bakin Inugu, da ƙaramar giya ake riƙe mota mai kaya, domin birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake ɗauka har ya daina kamawa. Bai taɓa tuƙi cikin ruwan kudu ba, wanda kan wuni yana zuba, balle ya san santsin kwalta a ruwan farko. Ko a nan gida, wa ya fita da shi da dare a hanyar Numan ko ta Mubi ya nuna masa yadda ake rage fitila, da abin da ake yi in hazo ya rufe hanya ko garken shanu ya ɓullo? A unguwarmu mun zauna makokin wani saurayi da bai cika wata biyu da tafiya ba. Wansa da ya kira shi ne ya rako gawar, har yau kuwa bai daina zargin kansa ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa watannin farko bayan samun lasin su ne mafi hatsari. A Ingila tun 1995 suke da wani ƙarin horo mai suna Pass Plus, na aƙalla awa 6, inda malami kan fita da sabon direba cikin gari da ƙauye, da dare, cikin ruwa, da kan manyan hanyoyi. Ba dole ba ne, amma wasu kamfanonin inshora kan rage wa wanda ya yi shi kuɗi. Mu ma ba mu rasa inda za mu fara ba. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya tun 1986, Jihar Ikko kuma tana da makarantarta ta sake horar da direbobin haya.

Zan so Gwamnatin Adamawa ta buɗe irin wannan mataki na biyu a Jimeta, ta kuma ɗauki tsofaffin direbobi su zama malamai, maimakon a bar su suna zaman benci a tasha. Amma ku ba sai kun jira gwamnati ba. Kuna da sarakunan Hausawa a kowane zango, kuna da shugabannin tasha da ƙungiyar direbobi. Ku yanke shawara a tsakaninku cewa duk yaron da ya sauka da sabon lasin sai ya yi wata uku a gefen gogaggen direba, ya tuƙa da dare, ya tuƙa cikin ruwa, ya sauka gangare da kaya, dattijon ya shaida ya iya, kafin a ba shi mota shi kaɗai.

Na san wani zai ce, Malam, wa zai ciyar da shi har wata uku, alhali don ya rage mini nauyi na kira shi? Tambaya ce mai ma'ana, zaman kudu ba sauƙi. Amma mai motar da zai ba shi aiki shi ya fi kowa riba in yaron ya ƙware, saboda haka ya ɗauki rabin ɗawainiyar, wan yaro ya ɗauki saura. In kuwa mai mota ya ce ba zai iya jiran wata uku ba, to, ka riƙe ƙanenka a rumfarka ya taya ka ciniki har a sami wanda zai jira.