Koyon sana'a da idon yaro: Wa ke lura da injin yankan ƙarfe a rumfunan walda?

A Panteka da ke Kaduna, ko Kofar Ruwa a Kano, ko kowace rumfar walda a bakin titi, ƙarar da ta fi cika kunne ita ce ta ƙaramin injin nan na hannu da ake yanka ƙarfe da goge shi, wanda wasu ke kira giranda. Sau da yawa ba maigida ke riƙe da shi ba. Yaron shago ne, da silifas a ƙafa, ido a buɗe, tartsatsi na zuba a kan wandonsa.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Tunji Alausa ta ƙaddamar da sabon shirin koyar da sana'o'in hannu, har da alawus ga masu koyo. Kafin nan hukumar NBTE ta daɗe tana ƙoƙarin ba masu sana'a irin na Panteka takardar shaidar ƙwarewa. Manufa ce mai kyau. Sai dai duk wanda ke tura matasa rumfunan walda, dole ya san abin da zai damƙa musu a hannu.

Ƙaramin injin mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Babban, mai faifan milimita 230, yana yin kusan 6,500. A babban, bakin faifan na iya gudun kusan mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. Idan faifai ya fashe a wannan gudun, gutsattsarinsa ba sa tambayar wa ke kusa.

Abin da ke tare su shi ne murfin ƙarfen da ke rufe rabin faifan. Shi ne kuma abin da ake fara kwancewa. Dalilin a bayyane yake: faifan babban inji idan ya ɗan cinye, maigida ba ya son jefar da shi, sai a cire murfin ƙaramin a ɗaura masa. To amma an ƙera faifan ne don gudun babban inji. A kan ƙarami zai iya wuce iyakar da aka rubuta a jikinsa. Haka nan siririn faifan yanka ba a yi shi don guga da gefe ba, lanƙwasa kaɗan ke tsaga shi. Mafi muni shi ne ɗaura zarto mai haƙora don yanka katako: da haƙori ya kama, injin zai yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, musamman idan an cire mariƙin gefe ana aiki da hannu ɗaya.

Kaɗan ne suka san cewa faifan yana da wa'adi, kamar magani. Ƙaron da ke haɗe shi yana lalacewa, danshi kuma na gaggauta hakan, shi ya sa masu ƙera shi ke buga ranar ƙarewa a zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙera shi. Tun da aka cire tallafin man fetur aka saki darajar naira a 2023, kayan waje suka yi tsada, mai walda ya koma neman mafi araha. Tambayar da ya kamata a yi wa hukumar SON ita ce: faifai nawa ta ɗauka daga kasuwa ta gwada?

Akwai kuma haɗarin da ya fi kama da namu. Ana cikin aiki a ɗauke wuta, yaro ya ajiye inji bai kashe makunni ba. Wuta na dawowa, injin ya tashi shi kaɗai a ƙasa, tsakanin ƙafafun mutane. Ga jarkar fetur ta janareta a gefe, inda tartsatsi ke sauka. Ga riga mai faɗin hannu da faifai ke iya naɗewa. Baƙin tabaran kasuwa da wasu ke sawa kuwa, ado ne; ba ya tare ɓarɓashin ƙarfe, kuma idan ya fashe shi ma ya zama abin cutarwa. Masu yanka tayil a bushe suna da tasu matsalar, ƙurar da ke taruwa a huhu sai bayan shekaru ta bayyana.

Ba rashin doka ba ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da kare idon ma'aikaci. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF ke kula da ita, ta sa masu koyon sana'a cikin waɗanda take karewa, kuma ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Amma yaron shago ba shi da albashi, kuɗin abinci ake ba shi. Babu rajista, babu takarda. Idan ido ya tsiyaye, sai a ce ƙaddara ce, a yi karo-karo a kai shi asibiti, iyaye su ce sun yafe domin ba sa son ɓata da maigidan da ya taimaki ɗansu. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma ba ƙaddara ce ta kwance murfin ba.

Jira sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su zagaye kowace rumfa ɓata lokaci ne. Inda gwamnati ke da iko na gaske shi ne inda take sa kuɗinta. Duk shagon da zai karɓi ɗalibai a ƙarƙashin shirin gwamnati, a gindaya masa sharaɗi: inji da murfinsa da mariƙinsa, tabarau na aiki da garkuwar fuska ga kowane yaro. Ƙungiyoyin masu walda, waɗanda ke iya cin tarar ɗan ƙungiya kan rashin zuwa taro, za su iya cin tararsa kan inji marar murfi.

Su ma 'yan majalisar da ke raba injinan walda da sunan tallafa wa matasa, a riƙa duba kwalin da suka miƙa a gaban kyamara. Kuɗin tabarau bai kai na buga allon hoton mai rabon ba.