Intanet na Kyauta, Albashi na Gumi

Duk malamin da ya taɓa zuwa bita a Katsina ko Kaduna ya san yadda abin yake: kafin a zauna an fara neman Wi-Fi na masauki. Haka nan idan muka shiga Funtuwa ko Malumfashi don cike takardun TRCN, ko buga takardun JAMB na 'ya'yanmu, mai shago kan ce mu hau intanet ɗinsa. Da tsadar data a yau, ba wanda zai ga laifinmu. Sai dai Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wayar malami ta wuce ta kira da gaisuwa. An fito da BVN a 2014, an wajabta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta mana ciniki ta waya. Yanzu albashi, kuɗin adashi, kuɗin takin damina, har da sakamakon ɗalibai, duk a cikinta suke.

Ga inda haɗarin yake. Duk mai waya ko kwamfuta zai iya buɗe Wi-Fi ya raɗa masa sunan otal ko na makaranta. Da mun hau, sai ya nuna mana shafin bogi mai neman lambar waya da kalmar sirri. Manhajojin banki suna kulle bayanansu, amma abin da muka rubuta da hannunmu a shafin ɓarawo, mu muka miƙa masa. Idan ya ƙwace WhatsApp na malami guda, sai ya shiga zauren makaranta yana roƙon bashi da sunansa, kuma mu tura, domin mun yarda da juna.

Saboda haka muna ba da shawara. Harkar banki mu yi ta da datar layinmu, ko da lambobin banki da ake dannawa ba tare da intanet ba. Mu tambayi mai wuri ainihin sunan Wi-Fi ɗinsa kafin mu hau, mu kuma hana waya hawa da kanta. Mu sa wa WhatsApp da imel makulli na biyu. Lambar sirri ta kati, da wadda banki ke turowa ta saƙo, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. In mun yi aiki a kwamfutar shago, mu fita daga asusunmu kafin mu tashi.

Muna roƙon shugabannin NUT reshen Danja su ware wa wannan batu lokaci a taro mai zuwa, matasan cikinmu su zauna da dattawanmu su duba musu wayoyi. Kowa kuma ya kai darasin gida, domin sau da yawa wayar malami a hannun iyali take kwana.

Allah Ya tsare mana guminmu.