GOBARA TA TASHI, AMMA A WANE LUNGU?

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da kasuwa a daren gobara ya san ihun farko ba ya kashe wuta. Maigadi ya yi kururuwa, maƙwabta su fito da bokitai, amma tambayar da ke bakin kowa guda ce: a ina ne? A wane layi, a wace rumfa? Kafin a sami amsa, a nemo mai makulli ko a ɓalle ƙofa, wutar da tulu guda zai iya kashewa ta riga ta kama rufi.

'Yan kasuwar ƙasar nan ba sa bukatar a ba su labari. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, kuma wuta ta sake cin wani ɓangare nata a 2009. Ƙaramar kasuwar birnin ta bi sahu a 2012. A 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda fataken Maraɗi da Damagaram da yawa ke saro kaya, ta yi asarar dubban shaguna. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa a bankuna, da otal-otal, da sabbin ma'aikatu, da manyan mangazoji, ake ganin wani akwati a bango kusa da ƙofar shiga, wato akwatin ƙararrawar gobara. Filin wannan mako ya tsaya ne kan wani ɗan kati da ake ɗaurawa cikin akwatin nan, wanda aikinsa shi ne amsa tambayar nan ta «a ina».

TSARI BIYU

A tsohon tsari, ana raba gini shiyya-shiyya. Kowace shiyya tana da wayarta, kuma a kan waya guda ana iya jera na'urorin sansano hayaƙi, waɗanda masu sana'ar ke kira detekter, har 32. In ɗaya ta ji hayaƙi, fitila takan kama a akwati ta ce «shiyya ta 2». Shi ke nan abin da ta sani. Sai maigadi ya ɗauki tocila ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ga kantin da bai wuce ɗaki uku ba, wannan ya wadatar. Ga ma'aikata mai hawa huɗu da biro sittin, ɓata lokaci ne mai tsada.

A sabon tsari, kowane detekter yana da lambarsa, kamar yadda kowane gida ke da adireshi. Waya mai jijiya biyu takan fita daga akwati, ta zagaya gini, ta bi ta kan na'urorin duka, sannan ta komo akwatin ta wata kafa. Wannan kewaye shi ake kira zobe, katin da ke riƙe da bakinsa biyu kuwa shi ne katin zobe, wanda a takardun kwangila ake rubutawa «carte de boucle». Ta waya gudar nan yake ciyar da na'urorin da wuta, ta nan kuma yake magana da su. Dare da rana yana kiran lambobi kamar malamin lakwal mai kiran sunan yara da safe: lamba 1, lafiya, lamba 2, lafiya, lamba 47, akwai hayaƙi. Wadda ba ta amsa ba, nan take akwati ya nuna ta ɓata ko an cire ta.

Amfanin zobe shi ne, in ɓera ya gatsa waya ko magini ya tsinke ta, katin yakan ci gaba da magana da na'urorin ta ɓangarori biyu, babu wadda ta fita daga tsaro. In kuwa jijiyoyin biyu suka taɓa juna, akwai wasu ƙananan makatsa da ake jerawa a kan zobe, su ware guntun da ya lalace su bar sauran suna aiki. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 54, wadda kayan da ke fitowa daga Faransa ke bi, ba ta yarda lahani guda a waya ya kashe na'urori fiye da 32 ba. Yawan abin da zobe ke ɗauka ya danganta da kamfani: na Apollo 126, na Hochiki 127, wasu kuma detekter 99 da wasu na'urori 99. Akwati da yawa sukan zo da zobe ɗaya, a bar gurbin ƙarin kati domin ranar da gini ya faɗaɗa.

KAFIN A SAYA

Nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Kowane kamfani da harshen da katinsa ke yi da na'urorinsa. Detekter na wani kamfani ba lallai ne ya ji kiran katin wani ba, ko da girmansu da launinsu ɗaya ne. Wanda ya sayo akwati a Dubai, ya tsinci kati mai rahusa a Kano, ya haɗa da detekter daga Sin, zai iya wayar gari da tarin kayan da ba sa gaisawa da juna. Araha ba ta ado. Sai a nemi takardar kamfani da ta nuna cewa wannan kati ya dace da wannan akwati, ya dace kuma da waɗannan na'urori, tun kafin sefa ɗaya ta fita daga aljihu.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wuta. Ƙarin zobe ƙarin baki ne a kan tukunya. Akwatin yana aiki da bolt 24, daga batir biyu masu bolt 12 idan kuran ya ɗauke. Ƙwararre yakan zauna da alƙalami ya lissafa abin da sabbin na'urori da jiniyoyi za su sha, ya ga ko batir ɗin da ke nan za su iya, ko sai an sake manya.

RANAR ƊAURAWA

Aikin ba na kowane mai gyaran fanka ba ne, amma mai gini ya cancanci ya san matakansa domin ya gane aikin kirki in ya gan shi. Da farko ana shaida wa mai gini da masu gadi cewa ƙararrawa za ta yi shiru na wasu awoyi, a sa mutum ya riƙa zagaye. Ana kwafe tsarin da ke cikin akwati a kwamfuta, saboda gudun ɓacewa. Sannan a kashe wuta ta hanyoyi biyu, kuran da batir. Wanda ya kashe kuran ya manta batir, ya cusa kati akwati na da rai, zai iya ƙona katin da uwar akwatin gaba ɗaya.

Akwai wani makashin da ido ba ya gani. Tartsatsin nan da ke cizon yatsa in an taɓa ƙofar mota lokacin hunturu ya isa ya lalata kati, wani lokaci ma ba nan take ba, sai bayan watanni ya fara shirme. Don haka ba a fidda kati daga ledarsa sai za a ɗaura shi, a riƙe shi ta gefe, mai aikin kuma ya ɗaura wani warwaro a hannu mai waya zuwa ƙasa. Ana zaunar da katin a gurbinsa, a ɗaure kusoshi, a sa masa lambar zobensa, na biyu ne ko na uku.

Ba a haɗa wayar zobe da kati sai an auna ta. Ana duba ko ta tafi ta dawo ba tsinkewa, ko jijiyoyin sun taɓa juna ko sun taɓa ƙarfen gini, ko tsawonta bai wuce abin da kamfani ya yarda ba. Gwajin rufin waya da ake yi da bolt 500 kuwa, ana yin sa ne kafin a ɗaura na'urori, in ba haka ba ya ƙone su. Kowace jijiya da kafarta, ba a juya su. Ba a kwantar da wayar zobe cikin bututu ɗaya da wayar kuran mai bolt 220. Haka kuma ba a bi da tafiya da dawowa ta hanya guda, domin gatari ɗaya ko harshen wuta ɗaya zai yanke su tare, amfanin zoben ya tafi. Ɗan kwangilar da ke son rage kuɗin waya, a nan yakan yi ha'inci, kuma in an rufe silin babu mai gani.

SUNA YA FI LAMBA

Kowace na'ura ana ba ta lambarta, ko dai da 'yan maɓallai a bayanta ko da wata na'urar hannu. Lamba ɗaya ba ta zama ta biyu. Idan an mai da wuta, akwati yakan ƙirga abin da ya samu a zobe. In takarda ta ce 80 shi kuwa ya ga 77, to akwai uku da ba a san inda suka shiga ba, kuma aiki bai ƙare ba sai an gano su.

Sai kuma matakin da aka fi rainawa, alhali dominsa aka kashe kuɗin duka: rubuta wa kowace lamba sunan wurinta. «Zobe 2, lamba 47» ba ya gaya wa maigadi komai da ƙarfe ukun dare. «Mangaza ta 3, ɗakin atamfa» kuwa yana kai shi bakin ƙofa.

Faransa ta biya wannan darasi da tsada. Ranar 15 ga Afrilu 2019, wajen ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, na'urorin babban cocin Notre-Dame na birnin Paris sun ji hayaƙi, kuma sun yi aikinsu. Amma saƙon da ya fito ya haɗa sunayen wurare da doguwar lamba mai wuyar fassara. Aka tura mai gadi ya duba rufin ƙaramin ginin da ke gefe, inda ake ajiye kayan ibada, bai ga komai ba, alhali wuta na cin katakan rufin babban ginin. Wajen rabin awa aka yi kafin a gano ta a kira masu kashe gobara. Rufin da ya shekara ɗaruruwa ya tafi, ba a sake buɗe cocin ba sai Disamba 2024. In haka ta faru a inda ba a rasa kuɗi ko masana ba, ina ga ma'aikatar da akwatinta ke rubutu da ingilishi, maigadinta kuwa ko faransanci bai ishe shi ba? Tun ran gini ran zane: a rubuta sunayen da mutanen gidan ke amfani da su, a liƙa taswirar gini kusa da akwati, a koya wa masu gadin rana da na dare.

ƘURA, ZAFI DA ƊAUKEWAR KURAN

Kayan nan a ƙasashen sanyi aka tsara su. Ƙurar hunturu takan taru cikin detekter har ya ɗauke ta hayaƙi. Ƙararrawar da ta yi ƙarya sau uku, ta huɗu babu mai tashi, ƙarshenta a kashe ta don a huta. Sabon tsari yana da magani, domin kati yakan nuna lambar na'urar da ta yi datti tun kafin ta fara ƙarya, amma sai akwai mai dubawa da sharewa.

A ɗakin girki ko garejin mota, na'urar jin zafi ake sawa maimakon ta hayaƙi. Ita ma aji-aji ce: ta aji A1 takan tashi tsakanin digiri 54 da 65, ta aji B tsakanin 69 da 85. Ƙarƙashin rufin kwano a Tawa cikin watan Afrilu, wanda ya ɗaura ta farko ya sayi rigima. Zafin nan kuma yana cin batir: ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙera shi dominsa yakan rage kusan rabin kwanansa. Wanda ya tuna doguwar ɗaukewar kuran da ta biyo bayan yanke layin Najeriya a watan Agusta 2023, ya san batir ba kayan ado ba ne. Lokacin da wuta ta ɗauke ne ake kunna kyandir da janareto, lokacin da ta dawo da ƙarfi ne tsoffin wayoyi ke tartsatsi.

KAFIN A SA HANNU

Ɗan kasuwa ba ya karɓar dila ɗari bai ƙirga ba. To haka ya kamata a karɓi wannan aiki. A fesa wa kowane detekter hayaƙin gwaji, ɗaya bayan ɗaya, wani na tsaye gaban akwati yana karanta sunan da ya fito. A cire waya a tsakiyar zobe a ga ko akwati zai yi ƙara kuma na'urorin su ci gaba da amsawa. A kashe kuran a ga batir. A karɓi taswira, da jerin lambobi da sunayensu, da kwafin tsarin, da lambar sirrin akwati, domin kada gini ya zama bawan mutum guda. A ajiye littafin da za a riƙa rubuta kowane gwaji da kowane gyara.

Ma'aikacin gwamnati da ke cikin kwamitin karɓar aiki, nauyinsa ya fi haka. Abin da ke bayan ƙofofin nan takardun haihuwa ne, da na filaye, da na fanshon tsofaffi, waɗanda in sun zama toka babu kasuwar da ake sayo su. Sa hannu a takardar karɓa don kawai an ga koriyar fitila na ci, amana ce aka tozarta.

Kati dai ba ya kashe wuta. Ba ya gyara wayar da aka ja ta ɓarauniyar hanya, ba ya buɗe layin kasuwa da tebura suka toshe har motar sojojin kashe gobara ta kasa shiga. Abin da yake bayarwa mintoci ne, da sunan ɗaki. Wanda ya sami waɗannan biyu, da abin kashe wuta a kusa da lamba 18 a bakinsa, yana iya kwana da dukiyarsa. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.