Bonas da Bizar Ma'aurata a Birtaniya: Dokar da Ke Auna Kalanda

Ga wanda ya tambaya ko ana lissafa bonas cikin kuɗin shiga idan mazaunin Birtaniya zai kawo matarsa ko mijinta, amsar ita ce e. Ƙa'idar da ake kira Appendix FM-SE ta amince da bonas, da kamasho, da kuɗin obataim. Sai dai yadda ake lissafin abin takaici ne.

Tun daga 11 ga Afrilu 2024, sai mai neman ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, maimakon fam 18,600 da aka kafa a 2012 lokacin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar cikin gida. Ga mai albashi, jami'i zai tara bonas ɗin da ya shiga hannunsa cikin watanni shida kafin ranar nema, ya raba shida, ya ninka sau 12, sannan ya ɗora a kan albashin shekara. Bonas ɗin da aka yi alkawari amma bai shigo ba, ba ya cikin lissafi.

A ɗauki ma'aikaci mai albashin fam 27,000, wanda kamfaninsa ke ba shi fam 1,500 sau ɗaya a shekara, a Disamba. Idan ya shigar da takardu a Maris, dokar za ta mai da kuɗin nan fam 3,000, ya zama mai fam 30,000, ya haye. Idan ya jira har Agusta, bonas ɗin ya faɗo daga watanni shidan, ya koma mai fam 27,000, ya faɗi. Mutum ɗaya ne, aikinsa bai canja ba, kuma abin da yake samu a haƙiƙa fam 28,500 ne, adadin da dokar ba ta gani ba a duka lokutan biyu.

Masu kare tsarin suna cewa manufarsa ita ce kada iyali su zama nauyi a kan baitulmali. Hujja ce mai ma'ana, kuma Kotun Ƙoli ta amince da tushen ƙa'idar a 2017. Amma ma'aunin da ke ninka kuɗi a wannan wata ya shafe shi a wancan, me ya auna game da iya riƙe gida? Abin da ya auna shi ne wa ya san sirrin lissafin, ko wa ke da kuɗin lauyan da zai gaya masa ranar da ta dace.

Wanda ya faɗi kuwa, cike giɓin ba wasa ba ne. Ana ninka abin da ya rage sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. Giɓin fam 2,000 ke nan yana buƙatar ajiyar fam 21,000, wadda ta zauna a banki wata shida. Albashin da matar ke karɓa a Abuja ko Kano, ko da likita ce, ba ya shiga lissafin neman farko. Kuɗin nema, wanda ya haura fam 1,800, ba a mayarwa.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba: a lissafa bonas ɗin da aka karɓa cikin wata 12 yadda yake, ba ninki, ba shafewa. Hukumar haraji ta HMRC tana da waɗannan alƙaluma tun kafin jami'in biza ya buɗe fayil.