Kunne Ya Girmi Kaka

Ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ya saba cewa neman abinci ya hana shi karatu. To, wannan hanzari ya faɗi. Direban da cunkoson Oshodi ya tsare, da telan da ke taka keke a Sabo, ido da hannu ke musu aiki, kunne kuwa yana hutu. Yau ana karanta littattafan Hausa a naɗi murya, a saurara ta wayar hannu. Wanda ya rabu da Magana Jari Ce tun yana makaranta, sai ga akun Abubakar Imam na rage masa hanya. In ya koma gida ya kunna wa yara, su ji Hausa tsantsa tun ba ta kuɓuce musu ba. Lalle a gwada.